Tafiyar Mata Biyu Da Babur Daga Landan Zuwa Ƙarshen Afirka Ta Hanyar Agadas Da Kano, 1934–1935

Cikin dukan abubuwan hawa da Turawa suka kawo ƙasar Hausa, babu wanda ya shiga ƙauye da lungu kamar babur. Jirgin ƙasa sai inda aka shimfiɗa masa dogo, mota sai inda aka share mata hanya mai faɗi, amma babur ya kan bi turbar da jaki ya bi. Saboda haka mutane da yawa su kan zaci mai babur ba ya bukatar kowa, in dai tankinsa cike ya ke, to, duniya tasa ce. Tarihin doguwar tafiya da babur bai goyi bayan wannan zato ba. Babu kuwa labarin da ya fi bayyana haka kamar na waɗansu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, waɗanda suka tashi daga Landan ran 11 ga Disamba 1934, suka ƙetare Hamada, suka biyo ta Agadas da Kano, suka isa Kef Tawun, can ƙarshen Afirka wajen kudu, ran 29 ga Yuli 1935. Labarin ya cancanci shiga littafin tunawa da ma'aikatan En'e, domin wani yanki na hanyar da suka bi, En'e ce ke riƙe da shi a zamanin nan.

Asalin Babur Da Mafarin Dogon Zango

A shekarar 1885 waɗansu Jamusawa biyu, Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach, suka ɗora injin fetur bisa wani keke na katako. Daga nan a ke ƙirga asalin babur. A 1894 kamfanin Hildebrand da Wolfmüller na birnin Munik ya fara ƙera shi da yawa don sayarwa. Ba a cika shekara goma ba sai ga masu ƙarfin hali sun fara gwada iyakarsa. A 1903 wani Ba'amurke, George Wyman, ya tashi daga San Faransisko ran 16 ga Mayu, ya ratsa Amurka daga teku zuwa teku, ya isa Niyu Yok ran 6 ga Yuli. A wurare da yawa bai sami hanya ba sam, sai ya bi tsakanin dogon jirgin ƙasa yana sukuwa bisa katakan da aka shimfiɗa, da ya kusa isa kuwa injin ya mutu, ya ƙarasa yana tuƙawa da ƙafa kamar mai keke. A 1912 zuwa 1913 Carl Clancy ya kewaya duniya da babur ƙirar Henderson, tafiyar da ta kai mil 18,000. Tun daga waɗannan na farko a ke iya ganin abu guda: duk inda babur ya yi nisa, bisa aikin waɗansu mutane ya bi.

Hanyar Hamada Kafin Inji

Hamada ba ta taɓa zama bango tsakanin Kano da Bahar Rum ba. Shekaru ɗaruruwa ayarin Larabawa da Buzaye suna tasowa daga Turabulus, su biyo ta Gadamas da Gat, su ratso duwatsun Abzin zuwa Agadas, sa'an nan Damargu da Damagaram, har Kano. Su kan kawo takarda da alharini da tsakiya, su koma da turkuɗi da jan fata da gashin jimina da hauren giwa. Ayari ba ya wuce mil 20 a yini, sau da yawa ma ba ya kai haka. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bar Turabulus cikin Maris 1850, ya shiga Agadas cikin Oktoba, bai ga ganuwar Kano ba sai Fabrairu 1851. Abin da ya riƙe wannan hanya ba ƙarfin raƙumi kaɗai ba ne. Rijiyoyi ne da aka haƙa a ke yashewa, da jagora wanda ya san taurari da kamannin duwatsu, da madugu mai shirya zango da biyan fito, da amana tsakanin fatake da masu ƙasa.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya juya wajen Ikko, ayarin Turabulus ya yi ta raguwa har ya ƙare. Amma Faransawa, da ya ke suna mulkin Aljeriya a arewa da Nijar a kudu, suna son abin da zai haɗa musu ƙasashen biyu. Daga 17 ga Disamba 1922 zuwa 7 ga Janairu 1923 motocin Citroën masu sarƙa maimakon tayar baya suka ƙetare daga Tugurt zuwa Tambutu. A 1927 sojan Faransa biyu da wani makaniki ɗan Beljiyam suka ƙetare ta wajen yamma bisa babura ƙirar FN. A 1933 Georges Estienne ya kafa kamfanin sufuri wanda motocinsa ke ɗaukar fasinja da wasiƙu daga birnin Alje, su bi ta duwatsun Hoggar da Agadas da Damagaram har Kano. Hanyar motar nan ba kwalta gare ta ba, ba marmara. Sawu ne kurum cikin rairayi da tsakuwa, da tarin duwatsu jefi jefi don nuna wa matafiyi gaba, daga rijiya zuwa rijiya. Watau inji ya zo, amma inda raƙumi ya sha ruwa nan shi ma ya ke tsayawa.

Matan Da Abin Hawansu

Sa'ad da suka tashi, Mis Blenkiron tana da shekara 30, Mis Wallach tana da 25. Ba 'yan koyo ba ne. A filin tseren Buruklans na Ingila a kan ba da lambar tauraron zinariya ga wanda ya kewaya filin da gudun da ya wuce mil 100 a sa'a, Mis Blenkiron kuwa ita ce mace ta farko da ta sami lambar nan, a 1934. Mis Wallach ta yi karatun injiniya a Landan, ta san cikin inji kamar yadda maƙeri ya san uwar maƙera.

Babur ɗinsu ƙirar Panther ne, na kamfanin Phelon da Moore da ke garin Kilekhiton a lardin Yokshaya. Silinda ɗaya gare shi, mai girman sisi 600, an kwantar da ita gaba kaɗan har ta zama wani sashe na ƙashin babur ɗin. Ba inji ne na gudu ba, na jan kaya ne. A gefensa aka maƙala akwati mai ƙafa ɗaya ƙirar Watsonian, inda ɗaya ke zama in ɗaya na tuƙi, a baya kuma aka ɗaura 'yar tirela mai ɗauke da tanti da guzuri da ruwa da fetur da kayan gyara. Suka raɗa masa suna Venture, watau kasada. Ran tashi jama'a suka taru a unguwar Aldwic ta Landan, cikinsu har da Ledi Asto, mace ta farko da ta zauna a Majalisar Dokokin Ingila, da Wakilin Afirka ta Kudu. Suka ratsa Faransa cikin tsananin sanyi, suka shiga jirgin ruwa a Marsai zuwa Alje.

Daga Alje Zuwa Abzin

Daga Alje hanya ta hau duwatsun Atlas, ta gangara Gardaya, sa'an nan Algoliya, da In Sala, da kwazazzabon Arak, har Tamanrasat, tafiyar wajen mil 1,200. Daga Tamanrasat zuwa Agadas kuma akwai fiye da mil 500, a tsakani babu gari, sai rijiyar In Gezam da 'yan rijiyoyi kaɗan. Garin Arlit da a ke bi ta cikinsa yanzu ba a kafa shi ba tukuna, sai bayan da aka sami ma'adinin yuraniyam shekaru talatin da wani abu daga baya.

Ya kamata a bayyana abin da ya sa rairayi ya ke abokin gabar irin wannan abin hawa. Mota ƙafa huɗu gare ta, amma sawu biyu ta ke yi, na baya na bin na gaba. Babur mai akwati da tirela kuwa sawu da yawa ya ke huɗawa, alhali ƙafa ɗaya tak, ta bayan babur, ita ke tura dukan nauyin. Da an shiga yashi mai laushi sai ta yi ta juyawa wuri ɗaya tana haƙa wa kanta rami. In haka ta faru babu dabara sai a kwance tirela, a sauke kaya, a tone yashi, a tura babur zuwa wuri mai ƙarfi, a komo a jawo tirela da hannu, a kwaso kaya, a sake ɗaurawa. Taƙi ɗari ya kan ci sa'a guda. Har wa yau injin babur iska ke sanyaya shi, ba ruwa ba. In yana tafiya a hankali cikin ƙaramin giya yana kuka, aikinsa ya yi yawa, iskar da ke bugunsa ta yi kaɗan, sai ya yi zafi, baƙin mai ya tsinke. Ƙura kuma tana bin iska ta shiga cikinsa tana cin ƙarfe kamar zarto. Saboda haka matafiyan Hamada su kan yi sammako, domin da sanyin safiya yashi ya fi tauri, su kan kuma rage iskar taya don ta baje bisa rairayi.

Hukumar sojan Faransa ba ta barin kowa ya shiga wannan hanya yadda ya ga dama. A kan buɗe ta da sanyi, a rufe ta in zafi ya yi tsanani. Matafiyi sai ya nuna yana da ruwa da mai da abinci fiye da na kwanakin tafiyarsa, ya kuma ɗauki alkawarin biyan kuɗin nemansa in ya ɓace. Ran da ya tashi, kumandan ya kan buga waya zango na gaba, ya faɗi ranar da a ke sa ran isarsa. In ranar ta wuce ba a gan shi ba, sai a fita nema. An kuma gargaɗe shi kada ya rabu da abin hawansa, kada ya bar sawu, gama daga nesa a kan hango mota, ba a hango mutum. Matan nan sun sha jayayya da hafsoshi a zango bayan zango, kowane kumanda yana ganin in ya bar su sun wuce, alhakin ransu yana wuyansa. Kowane karo suka rinjaye shi. Ba su ko da kamfas na nuna arewa, sai sawu da tarin duwatsun nan. A tsakiyar Hamada ƙarfen da ke haɗa tirela da babur ya karye, suka ƙago wani da abin da ke hannunsu, suka ci gaba.

Mai karatu zai iya ganin kumandojin nan kamar masu hana ruwa gudu. Amma in an auna da adalci, littafin da su ke rubuta sunan matafiyi a ciki, da wayar da su ke bugawa, su ne igiyar da ke riƙe da ran duk wanda ya shiga Hamada. Wanda aka rubuta tashinsa, in ya makara a kan neme shi. Wanda ba a rubuta ba, babu mai sanin ya makara.

Zaman Agadas

Kafin su kai Agadas abin da a ke tsoro ya auku, injin ya lalace daga ciki, irin lalacewar da ba a gyara ta a bakin hanya. Da wahala mai yawa suka kai babur cikin gari. Agadas a lokacin ba ta gama farfaɗowa ba daga yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917, sa'ad da Buzaye suka kewaye barikin Faransawa, Faransawa kuma suka rama da kisa mai yawa, mutane suka watse. Hasumiyar babban masallaci, wadda aka fara ginawa wajen 1515, aka sabunta a 1844, tana tsaye kamar yadda Barth ya gan ta, ayarin gishiri na zuwa Bilma yana komowa, amma babu kantin kayan babur ko ɗaya tsakanin nan da Kano.

Aka buga waya Ingila, kamfanin Phelon da Moore ya aiko da ƙarafan da a ke bukata, matan suka yi makonni suna jira. Da kaya suka iso, suka warware injin ɗaiɗai, suka wanke, suka sake haɗa shi da hannunsu, ya tashi. Nan ne ilmin Mis Wallach ya yi ranarsa. Duk da haka, a dubi hannuwa nawa ƙarfen nan ya ratsa kafin ya zo: mai buga waya a Agadas, da akawun kamfani a Yokshaya, da ma'aikatan gidan waya da na jirgi, da direban da ya ratso Hamada da shi, ban da mutanen garin da suka ba baƙin masauki da ruwa har ya iso. Da ɗaya daga cikinsu ya yi sakaci, da tafiyar ta ƙare a Abzin.

Kano Da Hanyoyin En'e

Daga Agadas suka gangaro kudu, rairayi ya fara ba ciyawa wuri, ciyawa ta ba gonakin gero wuri, har suka ƙetare iyaka suka shigo Nijeriya, suka sauka Kano. Sarkin Kano a lokacin Abdullahi Bayero ne, wanda ya hau gadon sarauta a 1926, shi ma kuwa bai daɗe da komowa daga Ingila ba, gama a 1934 ya ziyarce ta tare da Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Gwandu Usman. En'en Kano ta riga ta kawo wa birni ruwan famfo da lantarki tun 1931. Akwai tashar jirgin ƙasa, da gidan waya, da kantunan Turawa da na Kwara, da makanikai. Fetur a garwa a ke sayar da shi, garwa galan huɗu, biyu biyu cikin akwatin katako. Ga wanda ya fito daga Hamada, Kano ita ce wurin da a ke sake shiri tun daga tushe, kamar yadda ta ke ga ayarin dā.

Hanyoyin Jihar Arewa a zamanin nan iri biyu ne. Akwai 'yan kaɗan da ma'aikatar ayyuka ta Gwamnati ke riƙe da su, sauran kuwa, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, na En'e ne, da kuɗin Baitulmali a ke yinsu, watau da harajin talakawa da jangalin Fulani. Yawancinsu hanyoyin rani ne. Kowace damina ruwa ya kan cinye su, kowace kaka a sake su. Da ruwa ya ɗauke, hakimi ya kan sami takarda, ya aika wa dagatai, helma ya fito da leburorinsa, a cike zaizaya, a sare kututture, a zuba marmara inda ta samu. Inda hanya ta ratsa rafi mai yashi a kan shimfiɗa karan dawa da ciyawa da itace, a bi da ƙasa, don ƙafar mota ta sami abin kamawa. A manyan zango akwai barikin baƙi, sarkin bariki yana kawo ruwa da itace da ƙwai da kaza bisa kuɗin da aka ƙayyade. Malami yana rubuta kwanakin lebura, ma'aji yana biya, ɗan doka yana tsaron kasuwa da mashigi. Ba don baƙi masu yawon duniya aka yi wannan tsari ba, an yi shi don rangadi da jigilar gyaɗa da auduga, amma duk wanda ya bi hanya ya ci moriyarsa.

Gaskiya kuma ba ta cika sai an faɗi ɗaya gefen. Hanyoyin nan da yawa da aikin tilas aka fara share su, a kan ɗebo talakawa daga gonakinsu ba da sonsu ba. A Nijeriya dokar 1933 ta taƙaita wannan, amma a ƙasashen Faransa, watau Nijar da Cadi da sauransu, ba a soke aikin tilas ba sai a 1946. Saboda haka sawun da Venture ya bi daga Abzin har cikin kurmin tsakiyar Afirka, gumin mutanen da ba a biya ba yana cikinsa, ba a kuwa rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Daga Kano Zuwa Kef Tawun

Daga Kano suka nufi gabas, ta ƙasar Barno zuwa Fort Lami, wadda aka sake wa suna Injamena a 1973. Wannan ita ce hanyar alhazai ta ƙasa, wadda mutanen Hausa da Barno suka daɗe suna bi da ƙafa da jaki zuwa Sudan da Makka. Wajen tafkin Cadi akwai firƙi, baƙar ƙasa mai tsagewa da rani, wadda in ta sha ruwa ko doki ba ya ratsa ta, saboda haka kwanakin da aka ɓatar a Agadas sun sa dole a yi hanzari kafin damina. Daga nan suka karkata kudu ta Ubangi Shari, wadda a yau a ke kira Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, suka shiga Kwango ta Beljiyam. Can abokin gaba ya sake kama: maimakon ƙishirwa sai ruwan sama da taɓo da koguna. A mashigai da yawa jirgin fito kwale-kwale ne aka jera, aka ɗaure, aka shimfiɗa katako a bisa, mutanen ƙauye suna tuƙawa.

Suka fita kurmi suka shiga Yuganda da Kenya, sa'an nan Tanganyika, wadda ta zama Tanzaniya a 1964. A nan wani abin mamaki ya same su: sun yi kwanaki ba su gamu da mota ko ɗaya ba, ta farkon da suka gamu da ita kuwa sai da suka yi karo. Suka gyara, suka ci gaba ta Rodeshiya ta Arewa da ta Kudu, watau Zambiya da Zimbabuwe na yanzu, har Afirka ta Kudu.

Ga lissafin tafiyar. Nisa mil 13,500. Kwanaki, daga 11 ga Disamba zuwa 29 ga Yuli, 230. In an raba, ba a sami mil 60 a kowace rana ba. Matar da ta yi gudun mil 100 a sa'a a Buruklans, ga ta ba ta yi mil 60 cikin yini guda ba a Afirka, watau ninki uku kurum na tafiyar raƙumi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Komowa Da Ƙarshen Rayuwarsu

A Kef Tawun suka rabu. Mis Wallach ta koma Ingila ta jirgin ruwa. Mis Blenkiron ta sami sabon Panther, ta juyo arewa ita kaɗai cikin Satumba 1935, ta sake ratso Afirka har Kano. A nan dokar Hamada ta tsaya mata, ba ta sami ikon ƙetarewa ita kaɗai bisa babur ba, sai da taimakon motar kamfanin sufuri aka kai ta da shi Aljeriya, ta isa Landan cikin Afrilu 1936. Ta yi aikin motocin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ta rasu a 1991.

Mis Wallach ta sami nata tauraron zinariya a Buruklans a 1939, bisa Norton. Cikin yaƙi ta yi aikin kai saƙon soja da babur. A 1947 ta tafi Amurka, ta yi shekara biyu da rabi tana yawo, ta yi mil 32,000, daga baya ta zauna can, ta buɗe makarantar koyar da hawan babur a Finiks ta jihar Arizona. Ta rasu ran 30 ga Afrilu 1999, ranar da ta cika shekara 90 daidai. Littafinta na labarin tafiyar Afirka, mai suna The Rugged Road, bai fito ba sai a 2001, bayan rasuwarta. Hotunan majigin da suka ɗauka a hanya ma sun tsira.

Abin Da Ya Biyo Baya

Babura sun ƙara ƙarfi da sauƙi, amma Hamada ba ta sake hali ba. A 1977 wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace da babur ɗinsa wajen iyakar Nijar da Libiya cikin tseren Abijan zuwa Nis, sai da jirgin sama aka gano shi, domin an san ya tashi, an kuma san bai iso ba. Shi ne ya kafa tseren Faris zuwa Dakar, wanda aka fara ran 26 ga Disamba 1978, ya biyo ta Tamanrasat da Agadas da Yamai. Abin hawa 182 suka tashi, 74 suka isa, Cyril Neveu ya zo na ɗaya bisa babur ƙirar Yamaha. A 2003 'yan bindiga suka sace Turawa 32 masu yawo a Hamadar Aljeriya, waɗansunsu bisa babura. A 2008 aka soke tseren Dakar don rashin tsaro, aka mai da shi Amurka ta Kudu a 2009, sa'an nan Saudiyya a 2020. Da Kunle Adeyanju, ɗan Nijeriya, ya hau babur daga Landan ran 19 ga Afrilu 2022 zuwa Ikko ran 29 ga Mayu don yaƙi da shan inna, ta gaɓar yamma ya biyo, ta Maroko da Muritaniya da Senigal, bai bi ta Agadas ba. Yashi bai ƙaru ba. Amanar hanya ce ta ragu.

Mafi ban tausayi shi ne abin da ya faru cikin Oktoba 2013, a yankin nan da Venture ya ratsa. Motoci biyu suka tashi daga Arlit a ɓoye, cike da talakawa masu neman abinci a Aljeriya, da yawansu mutanen Kance ne ta ƙasar Damagaram. Motocin suka lalace, ruwa ya ƙare. Aka tsinci gawa 92, yawancinsu mata da yara. Mata biyu baƙi sun wuce nan lafiya a 1935 da inji mai silinda ɗaya, domin akwai littafi da sunansu a ciki, da wanda ke jiran isowarsu. 'Yan ƙasa 92 sun halaka bayan shekara 78, a zamanin wayar hannu, domin babu wanda aikinsa ne ya ƙirga kwanakinsu.

Ba a rage wa Mis Wallach da Mis Blenkiron kome ba cikin yabon da suka cancanta, gama haƙuri da ilmi da ƙarfin zuciya nasu ne, ba wanda ya ara musu. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Leburan da ya shimfiɗa kara a rafi, da wanda ya yashe rijiya, da sarkin barikin da ya ajiye tulu cike, da malamin da ya rubuta ranar tashi bai yi ƙyuya ba, kowannensu yana da rabo cikin mil 13,500 ɗin nan. An shafe tsarin En'e a 1976, sa'ad da aka kafa ƙananan hukumomi, amma aikin bai tafi tare da sunan ba. Duk wanda aka danƙa wa rajista, ko gada, ko rijiya, ko mashigi, ya sani akwai matafiyin da bai taɓa gani ba, ba zai kuwa ji sunansa ba, wanda isarsa gida ta rataya ga yadda ya riƙe abin da aka ba shi.